Ruwan da Bai Yi Tsami Ba: Tarihin Sinadarin C8 da Shari'ar Kamfanin DuPont a Kwarin Ohayo

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Hikimar wannan karin magana ta dogara ne a kan cewa idan ruwa ya ɓaci, harshe ko hanci ko ido zai shaida, daga nan sai a shiga neman dalili. Tarihin da wannan maƙala ta ƙunsa na wani ruwa ne da ya ɓaci ba tare da ya yi tsami ba, bai sauya launi ba, bai yi wari ba, mutane kimanin 70,000 kuma suka yi ta shansa daga famfunan gidajensu shekara da shekaru. Abin ya faru ne a ƙasar Amurka, a kwarin Kogin Ohayo, daidai inda kogin ya raba jihar Bajiniya ta Yamma da jihar Ohayo, kusa da garin Parkersburg. Wanda ya gurɓata ruwan shi ne DuPont, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin sinadarai na duniya. Abin da ya zuba kuwa wani sinadari ne da ma'aikatansa suke kira C8.

Abin da ya sa wannan tarihi ya cancanci nazari shi ne, mafi yawansa an rubuta shi ne da hannun wanda ake tuhuma. Takardun cikin gida na kamfanin, waɗanda kotu ta tilasta masa fito da su a shekarar 2000, su ne suka nuna lokacin da ya san kowane abu da kuma shawarar da ya yanke bayan ya sani. Ba kasafai mai nazarin tarihi yake samun irin wannan gata ba. Ga mai nazarin harshe kuma akwai wani abin lura, domin a manyan matakan rikicin ma'anar wasu 'yan kalmomi ce ta zama fagen daga tsakanin kamfanin da mutanen da suka sha ruwan.

2.0 Asalin Sinadarin

An kafa DuPont a shekarar 1802 a bakin rafin Brandywine, kusa da garin Wilmington na jihar Delaware, da sana'ar albarushi kuma ya fara. A watan Afrilu na 1938 wani masanin haɗa sinadarai na kamfanin mai suna Roy Plunkett yana gwaji da irin iskar da ake sanyaya firji da ita, sai ya tarar da iskar da ya ajiye cikin tukunyar ƙarfe ta daskare ta koma wani farin gari mai santsi, mai jure zafi, wanda asid ba ya cinsa, kome kuma ba ya manne masa. Shi ne aka yi wa rajista da sunan Teflon a 1945. An fara cin moriyarsa a aikin ƙera bom ɗin nukiliya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya shiga madafa, ya zama shafen da ake yi wa cikin tukunya da kasko don kada abinci ya kama.

Haɗa Teflon mai yawa aiki ne mai wuya, saboda yakan dunƙule a cikin tukunyar haɗi. Ana bukatar wani abu mai aiki irin na sabulu wanda zai hana dunƙulewar. Kamfanin 3M na jihar Minnesota ne ya samar da shi a ƙarshen shekarun 1940, DuPont kuma ya fara saye a 1951 domin masana'antarsa mai suna Washington Works, wadda aka buɗe a 1948 a bakin Kogin Ohayo, ƙasa da Parkersburg kaɗan. Masana suna taƙaita sunan sinadarin da PFOA, ma'aikata kuwa C8 suke ce masa, saboda ƙwayoyin kabon takwas da ke jere a ƙirarsa. Bakwai daga cikinsu a lulluɓe suke da ƙwayoyin fulorin, ɗaurin da ke tsakanin kabon da fulorin kuwa yana cikin mafiya ƙarfi da aka sani a wannan fanni na kimiyya. Daga wannan ƙarfi amfaninsa ya fito, daga nan kuma illarsa ta fito. Rana ba ta narka shi, ƙananan halittun cikin ƙasa ba sa ruɓar da shi, tafasa ruwa ba ta kawar da shi. Idan ya shiga jikin mutum sai ya manne wa sinadaran gina jiki da ke cikin jini, ƙoda ta yi ta mayar da shi maimakon ta fitar, har a ɗauki shekara biyu zuwa huɗu kafin rabinsa ya fita. Wanda yake shan kaɗan kullum, tarawa yake yi.

A nan ya kamata a ɗan dakata a kan kalma. Hausa tana da dafi, tana da guba. Dafi na maciji ne da kunama da kibiya, guba kuwa ta abin da aka ci ko aka sha ce, kamar ta ɗanyen rogo mai ɗaci. Dukansu biyu suna ɗauke da ma'anar gaggawa, wato a sha yanzu a faɗi anjima, har mai kallo ya iya haɗa sanadi da sakamako da idonsa. C8 bai cika wannan sharaɗi ba. Wanda ya sha shi yakan tashi lafiya ya tafi aiki, sai bayan shekara goma sha biyar ko ashirin likita ya tarar da ƙari a ƙodarsa, a lokacin da ba wanda zai tuna da ruwan famfo. Wannan tazara da ke tsakanin sha da ciwo ita ce katangar da kamfanin ya fake a bayanta, ita ce kuma lauyoyi suka shafe fiye da shekara goma suna neman hanyar tsallakewa.

3.0 Abin da Kamfanin Ya Sani

Tun farko 3M ya ba da shawarar a riƙa ƙone ragowar sinadarin ko a kai shi wuraren da aka tanada domin sharar sinadarai. Ƙa'idojin DuPont na cikin gida ma sun hana a zuba shi a ruwa. Duk da haka masana'antar ta riƙa sakinsa ta bututu zuwa cikin Kogin Ohayo, tana fitar da ƙurarsa ta bututun hayaƙi, tana tara dagwalonsa a wasu manyan ramuka da ba a daɓe ƙasansu ba. Wani bincike da kamfanin ya ɗauki nauyinsa a 2004 ya ƙiyasta cewa tsakanin 1951 da 2003 masana'antar ta saki kimanin tan 770 na C8 a ruwa da iska da ƙasa.

A 1961 masu binciken guba na DuPont suka gano cewa sinadarin yana kumbura hantar ɓeraye da zomaye, shekara guda bayan haka aka ga irin wannan a karnuka. A 1968 wani masani a Jami'ar Rochester, Donald Taves, ya ba da rahoton samun wani baƙon nau'in fulorin a cikin jinin mutane, a 1976 kuma shi da abokan aikinsa suka nuna cewa da alama daga masana'antu ya fito. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin biyu sun san cewa C8 yana taruwa a jinin ma'aikatansu, gwajin da 3M ya yi a kan birai a 1978 kuwa ya kashe waɗanda aka ba mai yawa. A 1981 3M ya sanar da DuPont cewa an ga nakasar ido a 'ya'yan ɓerayen da aka ba iyayensu sinadarin. DuPont ya janye mata daga sashen Teflon, ya duba jariran da ma'aikatan sashen suka haifa: cikin haihuwa bakwai, biyu sun zo da nakasa a ido. Ya kuma ga alamar cewa sinadarin yana ratsa mahaifa ya isa ga ɗan tayi. Bakwai adadi ne ƙarami, masanin lissafi zai iya cewa bai isa hujja ba. To amma kamfanin bai faɗaɗa binciken ba, bai kuma sanar da hukuma ba, bayan wani lokaci ma ya mayar da matan bakin aikinsu.

3.1 Shekarar 1984

Duk abin da ya gabata a cikin harabar masana'anta ne. A 1984 al'amarin ya tsallake katanga. A wannan shekara kamfanin ya tura ma'aikatansa su ɗebo ruwan famfo daga shaguna da gidajen mai na garuruwan maƙwabta, ba tare da an gaya wa masu wuraren abin da ake nema ba. An sami C8 a ruwan Lubeck, garin da rijiyoyinsa suke dab da masana'antar, an kuma same shi a ruwan Little Hocking da ke ƙetaren kogi a jihar Ohayo. Na Little Hocking ta sama ya je: iska ta kwashi ƙurar ta sauke a filin rijiyoyin garin, ruwan sama ya nutsar da ita cikin ƙasa.

A watan Mayu na wannan shekara manyan kamfanin suka zauna a hedikwatarsu da ke Wilmington, takardar da ta taƙaita zaman kuwa tana cikin muhimman shaidun wannan tarihi. An duba hanyoyin rage fitar sinadarin, har da daina amfani da shi ɗungurungum. An rubuta cewa mai yiwuwa sashen lauyoyi da na likitoci su goyi bayan a daina, sashen kasuwanci kuma ya ƙi. An rubuta cewa ta fuskar kuɗi babu hanya ko ɗaya mai jan hankali. Abin da ya fi ɗaukar hankalin mai karatu shi ne yadda aka auna alhaki: tun da alhakin shekara 32 da suka wuce ya riga ya hau kan kamfanin, abin dubawa kawai shi ne ƙarin da zai hau idan aka ci gaba ba a yi kome ba. Wato an mayar da tsohon laifi rangwame a kan sabo. Ba a ga inda aka kawo batun gaya wa masu shan ruwan ba, bayan zaman kuma amfani da C8 ƙaruwa ya yi.

Daga baya kamfanin ya saye filin rijiyoyin Lubeck, hukumar ruwan garin ta haƙa sababbi a can gaba, su ma aka tarar sinadarin ya riske su. A 1991 masanan DuPont suka tsayar da ma'auni na cikin gida, cewa kada C8 ya wuce kashi ɗaya cikin biliyan a ruwan shan jama'a, wato kwatankwacin ɗigo guda a cikin lita 50,000. A wannan lokaci an auna ruwan Lubeck ya kai wajen ninki uku na wannan ma'auni. Mutanen garin ba su ji labari ba sai a watan Oktoba na 2000, ta wata wasiƙa da hukumar ruwa ta aika musu, wadda ta ce akwai ɗan sinadari kaɗan a ruwan, kamfanin kuma ya tabbatar ba ya cutarwa.

3.2 Inuwar Doka

Dole a tambaya, ina hukuma take duk tsawon wannan lokaci? A 1976 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar kula da sinadarai masu guba, ta ɗora aiwatar da ita a kan Hukumar Kare Muhalli, wato EPA. Sai dai dokar ta bar sinadarai kimanin 62,000 da suka riga suka shiga kasuwa su ci gaba ba tare da gwaji ba, C8 kuma yana cikinsu. Abin da ta wajabta wa kamfani shi ne, idan ya sami bayanin da ke nuna haɗari babba ga lafiya ko muhalli, ya sanar da hukuma. Wanda zai fara yanke hukunci ko haɗarin babba ne kuwa shi ne kamfanin da kansa. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Daga nan aka sami kalmar da ta yi wa kamfanin aiki fiye da kowane lauya, wato cewa C8 sinadari ne da doka ba ta ƙayyade ba. Maganar gaskiya ce, ba wanda zai ƙaryata ta a kotu. Amma mai sauraro yakan fahimce ta da cewa hukuma ta duba ba ta ga illa ba, alhali ainihin ma'anarta ita ce hukuma ba ta duba ba, wanda ya duba kuwa ya kulle sakamakon a cikin durowa.

4.0 Shanun Dry Run

Abin da ya tona asirin ba daga asibiti ko ɗakin gwaji ya fito ba. A farkon shekarun 1980 wasu dangin manoma da ke kiwon shanu kusa da Parkersburg suka sayar wa DuPont eka 66 na filinsu domin ya yi juji, bisa fahimtar cewa shara marar haɗari za a zuba. Wani rafi mai suna Dry Run ya ratsa filin ya gangara makiyayarsu. Da kamfanin ya ga ramukan dagwalonsa suna tsiyaya cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai ya kwashe tan 7,100 na dagwalon ya kai wannan juji. Ruwan rafin ya soma kumfa, shanu suka soma ramewa, haƙoransu suka yi baƙi, wasu suka haukace suna kai wa mai su hari. Kafin ƙarshen shekarun 1990 fiye da ɗari sun mutu. Manomin ya ɗauki hotunan bidiyo, ya feɗe mushen da hannunsa yana nuna wa kyamara hanta da ƙoda. Ya kai kuka wurin hukumomi da likitocin dabbobi da lauyoyin garin, ba wanda ya saurare shi, domin a Parkersburg da wuya a sami gidan da ba ya cin abinci daga Washington Works.

A 1998 ya kira wani lauya a birnin Cincinnati mai suna Robert Bilott, saboda wasu maƙwabtansa sun san kakar lauyan. Abin mamaki, aikin Bilott a ofishin lauyoyi na Taft Stettinius & Hollister shi ne kare kamfanonin sinadarai. Ya karɓi aikin, ya shigar da ƙara a kotun tarayya a 1999. Kamfanin da hukumar EPA suka naɗa likitocin dabbobi shida, kowane ɓangare uku, suka fitar da rahoton da ya ɗora laifin a kan manomin: rashin abinci mai kyau, rashin kula, da ƙudaje. Likitocin sun nemi gubobin da aka sani ne, ba a gaya musu sunan abin da ke cikin jujin ba.

Cikin takardun da aka miƙa masa Bilott ya ci karo da haruffan PFOA, waɗanda bai taɓa gani a jerin sinadaran da doka ta ƙayyade ba. Ya nemi duk abin da ya shafe su, kamfanin ya ƙi, kotu ta tilasta masa a ƙarshen 2000. Aka jibge masa kwalaye masu ɗauke da shafi fiye da 110,000, a hargitse, wasu sun kai shekara hamsin. Mai yiwuwa an yi zaton yawansu zai kashe masa gwiwa. Ya zauna a ƙasan ofishinsa wata da watanni yana jera su bisa kwanan wata, jerin nan kuwa shi ne ƙashin bayan abin da aka kawo a sashe na uku. A watan Maris na 2001 ya aika wa EPA da sauran hukumomi wasiƙa mai shafi 972 haɗe da hujjoji. Kamfanin ya roƙi kotu ta hana shi magana da hukuma, kotu ta ƙi. A wannan shekara aka sasanta da manoman a kan kuɗin da ba a bayyana ba.

5.0 Ƙarar Gayya

Shari'ar shanu ta ƙare, ta mutane ta fara. A watan Agusta na 2001 Bilott da wasu lauyoyi suka shigar da ƙarar gayya, wato ƙara guda a madadin jama'a masu yawa da abu ɗaya ya shafa. Ta haɗa masu shan ruwan hukumomin ruwa shida: Lubeck da gundumar Mason a Bajiniya ta Yamma, sai Little Hocking da Belpre da Tuppers Plains da Pomeroy a Ohayo. A 2002, ana tsakiyar shari'a, wani kwamiti da hukumar muhalli ta jihar Bajiniya ta Yamma ta kafa ya sanar cewa ruwa mai ɗauke da C8 har kashi 150 cikin biliyan ba shi da haɗari. Wannan ya ninka ma'aunin kamfanin na cikin gida sau 150. Da adadin ya tsaya, da babu ruwan gari ko ɗaya da za a kira gurɓatacce. Binciken da masanan Jami'ar Pennsylvania suka yi daga baya ya nuna cewa C8 da ke jinin mutanen Little Hocking ya kai wajen ninki saba'in na abin da ke jinin sauran Amurkawa. Su ma sauran ba tsira suka yi ba, domin awon da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta yi a 2003 zuwa 2004 ya sami sinadarin a jinin kashi 99.7 cikin ɗari na waɗanda aka gwada.

A watan Satumba na 2004 aka cim ma sulhu, kotu ta amince da shi a farkon 2005. DuPont zai biya dala miliyan 70, zai gina matatun ruwa masu aiki da gawayi na musamman a hukumomin shida, zai kuma ɗauki nauyin wani kwamitin masana uku masu zaman kansu da ɓangarorin biyu suka yarda da su. Idan kwamitin ya sami alaƙa tsakanin C8 da wata cuta, kamfanin zai kashe har dala miliyan 235 wajen duba lafiyar jama'ar. A nan lauyoyin da waɗanda suke wakilta suka yi wata dabara da ta sauya tarihin. Maimakon a raba miliyan saba'in ɗin kowa ya sami ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai aka mayar da su kuɗin bincike: duk wanda ya ba da jininsa ya amsa tambayoyi a kan lafiyarsa, a ba shi dala 400. Tsakanin 2005 da 2006 mutum 69,030 suka fito. Da kuɗin wanda ake tuhuma aka tara hujjar da doka ta ce mai ƙara ne zai kawo.

Masanan uku su ne Tony Fletcher na makarantar nazarin lafiyar jama'a da cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan, da David Savitz, da Kyle Steenland na Jami'ar Emory. Ba a ce su tabbatar da cewa C8 ne sanadin wata cuta ba, domin da wannan aka nema da har yau ana jira. Abin da yarjejeniyar ta nema shi ne abin da za a iya fassarawa da alaƙa mai rinjaye, ta kuma fayyace ma'anarsa da kanta: idan aka auna dukan hujjojin kimiyya, yiwuwar akwai alaƙa a tsakanin waɗannan mutane ta rinjayi yiwuwar babu. Wannan ma'aunin kotun farar hula ne aka ara wa masana kimiyya. Cinikin kuma yana da kaifi biyu. Cutar da aka samu da alaƙa, kamfanin ba zai sake musun cewa C8 yana iya jawo ta ba a shari'ar kowane ɗaya daga cikin mutanen. Wadda ba a samu ba kuwa, mai ita ya rasa damar kai ƙara har abada.

Aikin ya ci shekara bakwai. Cikin wannan jira mutane da dama suka rasu, har da manomin Dry Run a 2009. Tsakanin 2011 da 2012 kwamitin ya fitar da sakamako, ya sami alaƙa mai rinjaye da cututtuka shida: sankarar ƙoda, sankarar 'ya'yan maraina, cutar ƙullin maƙogwaro da ke daidaita aikin jiki, gyambon babban hanji, hawan jinin masu juna biyu, da yawan kitse a jini. Sauran cututtuka masu yawa da aka duba ba a sami alaƙa ba, masu su kuma ƙofa ta rufe musu.

Ita kuwa EPA, a watan Disamba na 2005 ta sasanta da kamfanin a kan dala miliyan 16.5 saboda ɓoye bayanai, ciki har da na jariran 1981 da na ruwan sha. A lokacin ita ce tara mafi girma irinta da hukumar ta taɓa ci, ga kamfanin kuwa, wanda kayan da ake haɗawa da C8 suke kawo masa wajen dala biliyan ɗaya a shekara, kuɗin 'yan kwanaki ne. Bai amsa laifi ba. Ma'aikatar Shari'a ta buɗe binciken aikata laifi a 2005, ta rufe a 2007 ba tare da ta gurfanar da kowa ba.

6.0 Diyya da Sauya Riga

Mutum kimanin 3,500 masu ɗaya daga cikin cututtukan shida suka shigar da ƙara, aka tattara su a kotun tarayya da ke Columbus a gaban alƙali Edmund Sargus. A tsarin Amurka wasu zaɓaɓɓun 'yan ƙasa ne suke sauraron irin wannan shari'a su yanke hukunci. A ta farko, a watan Oktoba na 2015, suka ba wata mata mai sankarar ƙoda dala miliyan 1.6. A ta biyu, a 2016, dala miliyan 5.1 da ƙarin 500,000 na ladabtarwa. A ta uku diyyar miliyan 2 ce, ta ladabtarwa kuwa ta kai miliyan 10.5. Da kamfanin ya ga inda aka dosa, sai a watan Fabrairu na 2017 aka sasanta dukan ƙararrakin a kan dala miliyan 670.7, nan ma ba tare da amsa laifi ba.

Sai dai rabin kuɗin kawai DuPont ya biya. A watan Yuli na 2015, wata uku kafin hukuncin farko, ya ware sashensa na waɗannan sinadarai ya mayar da shi kamfani mai cin gashin kansa da sunan Chemours, ya miƙa masa sana'ar Teflon da masana'antar, ya haɗa masa da nauyin ƙararrakin. Shi kansa DuPont ya haɗe da kamfanin Dow a 2017, a 2019 suka sake rabuwa gida uku: Dow da Corteva da sabon DuPont. Wanda ya sha ruwan Lubeck a 1984 sai ya wayi gari yana tambayar wanne ne daga cikinsu ya zuba. A 2019 Chemours ya kai uban da ya haife shi ƙara, yana zargin an ɗora masa kaya fiye da yadda aka gaya masa. A watan Janairu na 2021 kamfanonin uku, DuPont da Corteva da Chemours, suka daidaita a kan raba nauyin har zuwa dala biliyan 4.

Shi ma sinadarin riga ya sauya. Da 3M ya sanar a 2000 cewa zai daina haɗa shi, DuPont ya gina tasa masana'antar a Fayetteville, jihar Karolina ta Arewa. A 2006 kamfanoni takwas suka yi wa EPA alkawarin daina amfani da C8 kafin ƙarshen 2015. A madadinsa DuPont ya fito da wani ɗan'uwansa mai gajeren jiki da ake kira GenX a 2009, a watan Yuni na 2017 kuma wata jarida ta bayyana cewa an same shi a Kogin Cape Fear, wanda birnin Wilmington na Karolina ta Arewa yake sha. Shi ma lokacin da aka same shi sinadari ne da doka ba ta ƙayyade ba.

A 2019 aka sa C8 cikin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta ce a kawar da su, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka shiga wannan yarjejeniya. A 2023 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukuni na ɗaya, wato na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan'adam sankara. A wannan shekara DuPont da Chemours da Corteva suka amince su biya hukumomin ruwa na Amurka dala biliyan 1.185, 3M kuma aƙalla biliyan 10.3 cikin shekara goma sha uku. A watan Afrilu na 2024 EPA ta kafa iyaka ta doka a karon farko: kashi 4 cikin tiriliyan. Ma'aunin sirri na kamfanin na 1991 ya ninka wannan sau 250, na kwamitin jiha na 2002 kuwa sau 37,500. A watan Mayu na 2025 hukumar ta ce za ta bar iyakar yadda take, amma tana da niyyar ɗaga wa hukumomin ruwa wa'adin cika ta daga 2029 zuwa 2031.

Game da Washington Works, a watan Afrilu na 2023, shekara 72 bayan isowar kayan C8 na farko, EPA ta ba Chemours umarnin ya magance sakin C8 da GenX fiye da abin da lasisinsa ya yarda a cikin ruwan da masana'antar take zubarwa a Kogin Ohayo.